Sakakken Ruwa da Sakakkiyar Barasa: Tambaya Kan Iyakar Tsarki

Daga cikin tambayoyin da suka daɗe suna kai-komo tsakanin malaman fiƙihu da masana falsafa akwai wadda ta shafi ma'anar tsarki, wato ko tsarkakakken abu shi ne wanda babu ko ƙwayar wani abu a cikinsa, ko kuwa shi ne wanda abin da ya saura a cikinsa bai kai ya canza masa suna ko ya hana shi aikinsa ba. An fi saba jin tambayar a babin ruwan alwala, amma akwai wani wuri da ba a cika zato ba inda take fitowa fili ƙwarai, shi ne teburin masu sha'awar ilimin sinadarai da ke gwaje-gwajensu a gida, musamman a Turai da Amurka inda wannan sha'awa ta daɗe da kafuwa, a lokacin da suke fafutukar raba barasa da ruwan da ke cikinta. Aikin nasu ƙarami ne, kayansa ba su wuce kwalba da mazurari da ɗan gishiri ba, sai dai abin da ke faruwa a cikin kwalbar yana tilasta wa mai tunani ya sake duba abin da yake nufi idan ya ce abu zalla ne.

Kalmar barasa a bakin masu wannan ilimi ta fi faɗi a kan abin da mashaya suka sani, domin suna ne na dangin sinadarai masu yawa, waɗanda uku daga cikinsu suka fi shahara: itanol, wanda shi ne ke cikin giya yake kuma sa maye, mitanol, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa kan makantar ko ya kashe, da aisofurofanol, wanda ake goge fata da shi kafin allura. Abin da ake saya a kemis da sunan sifirit yawanci itanol ne da aka gauraya da wani abu mai guba ko mai ɗaci don kada a sha. Amfanin barasa a wurin mai gwaji shi ne ta zama mai narkarwa, wato abu mai ruwa-ruwa da ake narkar da wasu abubuwa a cikinsa, kamar man turare da magunguna da ƙaron goge katako. Bahaushe, wanda duk abin da ke kwarara ruwa ne a wurinsa, daga ruwan lemo har ruwan batir, zai ji banbarakwai idan aka ce masa an busar da barasa alhali ga ta nan tana motsi a kwalba. Bushewa a wannan fage tana nufin rashin ruwa na ainihi, wanda ake sha ake kuma alwala da shi. Batun ko giya najasa ce, wanda jumhurun malamai suka tafi a kansa, yayin da Rabi'atur Ra'ayi malamin Imamu Malik da Laisu ɗan Sa'ad da Muzani suka ga cewa haramcin sha bai wajabta najasar abin ba, mas'ala ce ta daban da ba ita ake bi a nan ba.

Hanyar da aka fi sani ta raba barasa da ruwa ita ce tatsar tururi, wadda Larabawa ke kira taƙɗiri, inda ake dafa gaurayen a rufaffiyar tukunya, tururin ya bi ta bututu mai sanyi, ya koma ruwa-ruwa, ya ɗiga a wani mazubi. Da yake itanol yana tafasa a digiri 78.4 na ma'aunin Salshiyos, ruwa kuwa sai a digiri 100, tururin da ya fara tashi yakan fi abin da ke cikin tukunya yawan itanol, saboda haka kowace maimaitawa tana ƙara wa abin da aka tatsa ƙarfi. Hankali zai ɗauka cewa idan aka yi ta naci za a kai ga itanol zalla, amma ba haka abin yake ba. Da zarar itanol ya kai kashi 95.6 cikin 100 na nauyin gaurayen, sai gaurayen ya koma tafasa a digiri 78.2, ƙasa da inda kowane ɗayansu ke tafasa shi kaɗai, tururin da ke tashi kuma ya zama yana ɗauke da itanol da ruwa daidai gwargwadon yadda suke a tukunya, ta yadda ko an maimaita sau dubu abin da aka zuba shi ne zai fito. A 1911 wasu Turawan Ingila biyu, John Wade da Richard Merriman, suka raɗa wa irin wannan gauraye suna aziyotirof, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar tafasa ba tare da canji ba. Mitanol ba ya yin wannan turjiya da ruwa, aisofurofanol kuwa nasa ya fi muni, don yakan tsaya ne a wajen kashi 88.

Mutanen zamanin dā ba su san da wannan katanga ba, kuma rashin sanin ya haifar da wani irin fata mai kama da na addini. Alkindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, ya rubuta littafi kan haɗa turare da tatsar tururi, likitan Bolonya ta Italiya Taddeo Alderotti kuma ya bayyana a ƙarni na 13 yadda ake ƙarfafa ruwan inabi ta hanyar tatsa bayan tatsa. Wanda ya kai fatan ƙarshensa shi ne Johannes na Rupescissa, wani malamin Kirista ɗan ɗariƙar Faransiskan a ƙarni na 14, wanda ya lura cewa naman da aka jiƙa a cikin wannan ruwa mai cin wuta ba ya ruɓewa, sai ya yanke cewa idan aka yi ta jujjuya shi a tukunya ba iyaka zai rabu da asali huɗu masu lalacewa, wato ƙasa da ruwa da iska da wuta, ya zama asali na biyar, irin wanda suke ganin da shi aka yi sammai. Sunan da Turawa ke kiran barasa da shi ma yana ɗauke da wannan tunani, domin daga kalmar Larabci alkuhul ya fito, wadda daga gare ta Hausa ta sami kwalli. Laushin garin kwalli ya sa kalmar ta koma nufin tataccen kowane abu, har wani masani mai suna Paracelsus ya ɗora ta a kan tataccen ruwan inabi a ƙarni na 16. Waɗannan mutane ba ragwaye ba ne, himma ma ta yi musu yawa, kuma a kansu ne karin maganar da ke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ta gamu da iyakarta, tunda akwai dutsen da wuta da haƙuri su kaɗai ba sa dafa shi, komai yawan itacen da aka ƙona.

Mafita ta zo ne daga shigo da abu na uku. A 1796 Johann Tobias Lowitz, Bajamushen da ke aiki a birnin Sen Fitasbag na Rasha, ya sami itanol da kusan babu ruwa a cikinsa ta hanyar tatsar shi a kan busasshen gishirin toka, wato fotasiyam kabonet, ɗan'uwan abin da ke cikin ruwan tokar da mata ke tacewa don miya. Irin wannan abu shi ne za a iya kira matsotsi, wato sinadarin da ƙishinsa na ruwa ya fi riƙon da barasa ta yi wa ruwan, kuma kowa ya taɓa ganin wani nau'insa a 'yar jakar takarda da ake tsinta a kwalin sabon takalmi ko kwalbar magani. Matsotsa iri-iri ne, halayensu kuma sun sha bamban. Ƙonanniyar farar ƙasa tana haɗuwa da ruwan haɗuwar da ke canza ta gaba ɗaya, ana ganin curinta yana kumbura yana farfashewa ya koma gari a gindin kwalba, kuma da ita akan kai wajen kashi 99.5. Gishirin jan ƙarfe, wato kofa salfet, idan an gasa shi fari ne fat, amma da ya taɓa ruwa sai ya rikiɗe shuɗi, saboda haka ya fi amfani a matsayin mai tona asiri fiye da mai busarwa. Kalshiyam kulorayid, duk da tsananin ƙishinsa, ba ya rarrabe ruwa da barasa sosai, yakan rungumi dukkansu biyu, shi ya sa ba a son sa a wannan aiki. Gishirin miya ma yana da rawar da yake takawa, domin idan aka zuba shi da yawa a aisofurofanol mai ruwa, sai gaurayen ya rabu hawa biyu kamar mai da ruwa, ruwan gishiri a ƙasa, barasa mai ƙarfi a sama, ko da yake ba ta bushe sarai ba.

Wanda ya fi su duka ban mamaki shi ne abin da ake kira rariyar ƙwayoyin sinadari. Asalinsa wani dangin duwatsu ne da Axel Cronstedt ɗan ƙasar Suwidin ya raɗa wa suna ziyolayit a 1756, ma'ana dutse mai tafasa, don ya ga yana fitar da tururi idan an gasa shi, kuma kamfanin Union Carbide na Amurka ya fara sayar da na ƙira a 1954. A ido 'yan ƙwayoyi ne masu ruwan ƙasa, girmansu bai wuce na dawa ba, amma jikinsu cike yake da ƙofofi masu faɗi ɗaya, kuma nau'in da ya dace da barasa faɗin ƙofarsa angistirom 3 ne, angistirom kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan 10 na milimita. Molekul na ruwa, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar da za a iya kira ruwa, bai kai wannan faɗi ba, sai ya shiga ya maƙale. Na itanol ya haura angistirom 4, sai ya tsaya a waje. Rariya ce da ke aiki a birkice, domin a ta ɗakin girki lallausan gari ne ke wucewa a bar tsaki a sama, a nan kuwa ƙaramin ne ake tsarewa a ciki, abin da ake so ya zauna a waje. Idan aka zuba busassun ƙwayoyin a kwalbar itanol, za a ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa jere-jere da ɗan sauti, iskar da ke cikin ƙofofin ce ke ba da wuri, gindin kwalbar kuma ya yi ɗumi. Masu gwaji kan tabbatar da cewa ƙwayoyin na da rai ta hanyar ɗiga wa kaɗan ruwa a tafin hannu, in sun yi zafin da zai sa a yi saurin zubar da su to da sauran ƙishinsu. Sukan sha ruwan da ya kai wajen kashi 20 cikin 100 na nauyinsu, amma a hankali suke aiki, sai an bar su kwanaki.

A nan ne tsohuwar gardamar Girkawa ke dawowa. Aristotil ya tafi a kan cewa idan ɗigon giya ya faɗa cikin ruwa mai yawan gaske, ba a ce an gauraya su ba, ɗigon ya rasa siffarsa ne ya zama ruwa. Kirisifus, jagoran waɗanda Larabawa ke kira Riwaƙiyyun, wato mutanen rumfa, wanda ya rasu wajen shekara ta 206 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce a'a, ɗigon giya zai iya ratsa teku baki ɗaya kuma yana nan da ɗabi'arsa, hujjar mazhabarsa kuma ita ce wai soson da aka shafa wa mai yana iya zare ruwa daga giyar da aka surka. Ko soson ya yi aiki ko bai yi ba, tunanin da ke bayansa shi ne tunanin matsotsi: abin da za a iya zaro shi bayan an gauraya, to bai gushe ba tun farko. Ilimin sinadarai na yau ya goyi bayan Kirisifus a kan wanzuwar ɗigon, duk da cewa bai yarda da shi ba a kan yadda abubuwa ke ratsa juna. Fiƙihu kuwa, a ƙa'idar da yake kira istihlaki, wato nutsewar ɗan ƙaramin abu a cikin mai yawa har ya rasa launi da ɗanɗano da wari, ya fi kusa da Aristotil, sai dai shi hukunci yake yankewa a kan abin, ba labarin ƙwayoyinsa yake bayarwa ba, kuma wannan bambanci shi ne mabuɗin mas'alar duka.

Lissafi ma yana bayan Kirisifus. Itanol da ake sayarwa da sunan zalla yawanci kashi 99.5 ne ko sama da haka kaɗan, kuma ko da mai gwaji ya yi sa'ar da ba a cika samu ba, ya rage ruwan har ya koma kashi ɗaya cikin miliyan, lita ɗaya ta wannan itanol, mai nauyin giram 789, za ta kasance tana ɗauke da molekul na ruwa da yawansu sai an rubuta lamba 26 an jera mata sifiri 18. Ƙari a kan haka, busasshen itanol shi kansa matsotsi ne, yana jan laima daga iska kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina, ta yadda buɗe kwalbar kawai ya isa ya fara warware aikin kwanaki.

Abin lura shi ne sunan da aka ba wannan itanol. Turawa suna siffanta shi da kalmar da ta fito daga Latin mai ma'anar wanda aka kwance aka saki, Larabawan yau kuma suna ce masa alkuhulul muɗlaƙ. Wannan kalma ta muɗlaƙ ita ce dai ɗalibin da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Muhtasar a zaure ya sani a babin tsarki, inda ruwan da ke inganta alwala da wanka ake kiran sa ruwa muɗlaƙi, kuma tushenta ɗaya da ɗalaƙi, wato saki. Sakakken ruwa a wurin malaman fiƙihu shi ne wanda za a kira shi ruwa kawai, ba tare da an ɗaure sunan da wani abu ba kamar yadda ake cewa ruwan wardi ko ruwan tsamiya. Ba su taɓa cewa shi ne wanda babu komai a cikinsa ba. Ruwan rijiya mai zartsi muɗlaƙi ne, haka ruwan teku da gishirinsa, haka ruwan tafkin da ya yi ja saboda ƙasar da yake kwance a kai, ko ya yi kore saboda gansakuka, ko ya canza don daɗewa, domin Malikiyya sun yafe canjin da ya zo daga mazaunin ruwa ko daga abin da ya haifu a cikinsa. Ma'auninsu siffofi uku ne, launi da ɗanɗano da wari, kuma kayan awonsu ido ne da harshe da hanci. Ta haka kalma ɗaya ta zauna a kan abubuwa biyu da kowannensu ke cike da baƙi, bambancin kawai shi ne malaman fiƙihu sun san haka tun ranar da suka zaɓi kalmar, masu tatsar tururi kuwa sun shafe ƙarnuka suna zaton sakakke na nufin wanda ba a bar komai a cikinsa ba, sai da ma'auni ya yi musu gyara.

Ba a rasa saɓani a cikin fiƙihun kansa ba, kuma saɓanin a kan iyaka yake. Shafi'iyya sun sa ta a yawan ruwa, suka ce wanda bai kai manyan tuluna biyu ba yana najastuwa da faɗawar najasa ko bai canza ba. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a 996, ya tsananta a kan ruwa kaɗan kusan haka, alhali abin da ya shahara a mazhabar Malik, kamar yadda Muhtasar ya tafi a kai, shi ne ruwan yana nan da tsarkinsa muddin bai canza ba, sai dai an karhanta amfani da shi idan akwai wani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ko da yake Bashafi'e ne, ya bayyana a Ihya'u cewa ya so a ce mazhabarsa ta bi Malik a wannan mas'ala, dalilinsa kuwa shi ne sharaɗin tuluna biyu yana buɗe ƙofar waswasi yana kuma ƙuntata wa mutane. Wannan magana ta Gazali ta fi ƙarfin fiƙihun ruwa kawai, domin waswasi, idan an duba shi da kyau, cuta ce ta mutumin da ya ɗauki ma'aunin Kirisifus ya shiga da shi inda shari'a ta sa ma'aunin siffofi. Mai maimaita alwala sau bakwai don yana zargin akwai ƙwayar da ta saura bai yi ƙarya ba game da ƙwayar, tana nan kuwa. Kuskurensa shi ne zaton cewa maimaitawa za ta kawar da ita, wanda shi ne ainihin kuskuren Rupescissa a gaban tukunyarsa.

Mai ja zai iya cewa wannan bayani ya mayar da tsarki al'adar baki kawai, kowa ya sa iyakarsa inda ya ga dama. Amsar da teburin gwaji ke bayarwa ita ce yawan ruwan da ke cikin kwalba gaskiya ce tabbatacciya da ba ta jiran ra'ayin kowa, iyakar da za a ce ya yi yawa kuma aikin da za a yi ne ke yanke ta, ba son zuciya ba. Mai haɗa man dizal daga man girki da mitanol ya san cewa ruwa kaɗan zai juya masa wani kaso na man ya zama sabulu. Mai narkar da ƙaron shalak don goge katako zai ga fuskar katakon ta yi hazo idan barasarsa ta jiƙe. A Birazil, wadda ta ƙaddamar da shirinta na man mota daga rake a 1975, ana amfani da itanol iri biyu: mai ɗan ruwa, wanda mota ke sha shi kaɗai ba tare da matsala ba, da busasshe, wanda shi ake gaurayawa da fetur, domin ruwa yakan sa gaurayen ya rabe a tanki. Har akwai inda ruwan da ake ƙi ya zama shi ne abin nema, domin itanol mai wajen kashi 70 ya fi zalla kashe ƙwayoyin cuta, saboda ruwan yana taimaka masa ya ratsa jikinsu ya lalata sinadaran gina jikinsu, yana kuma hana shi saurin bin iska. Haɗin wanke hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai ma kashi 80 ne na itanol, ba 100 ba. Wanda ya busar da sifirit don ya ƙara masa ƙarfin tsaftace rauni ya wahala ne ya rage masa amfani.

Duk da haka kamancin yana da inda ya tsaya, kuma rashin faɗin wurin zai zama ha'inci. Iyakar mai gwaji sakamako ne ke nuna ta, sabulu ya fito ko bai fito ba. Iyakar shari'a kuwa, a wurin masu imani da ita, nassi ne da ijtihadi suka kafa ta, kuma wani ɓangarenta bauta ce tsantsa da ba a auna ta da tsafta, shaida kuwa ita ce taimama, inda ƙasa ke tsayawa a madadin ruwa alhali ba ta wanke komai. Ilimin sinadarai ba ya tabbatar da hukuncin fiƙihu, ba ya kuma rushe shi. Abin da yake yi ya fi haka ƙanƙanta: yana nuna cewa tsarkin da ba shi da iyaka ba a taɓa riƙe shi a hannu ba ko a fagen da aka fi ko'ina kayan awo, don haka mai neman sa a buta da shantali ba tsantseni ya fi malamai ba.

Akwai kuma tambayar inda ruwan ya tafi. Matsotsi ba ya halaka ruwa, ɗauke shi yake yi ya riƙe a jikinsa, kuma da ya ƙoshi sai ya daina aiki, har sai an gasa shi a zafin da ya kai digiri 200 zuwa 300 ya amayar da abin da ya sha cikin iska, iskar da daga gare ta wata kwalbar za ta sake sha. Mai tsarkakewa kuma yakan bar sawunsa. A 1902 Sydney Young ya gano cewa idan aka ƙara sinadarin benzin a gaurayen, shi da ruwa da ɗan itanol za su tashi tare a digiri 64.9 su bar busasshen itanol a baya, masana'antu kuma suka daɗe suna bin wannan hanya, alhali ɗan benzin da ke saura a ciki yana iya jawo sankarar jini, wato an fitar da baƙo marar cutarwa an shigo da mugu. Rariyar ma takan bar ƙura da sai an tace. Malaman fiƙihu sun fuskanci irin wannan tambaya a kan ruwan da aka riga aka yi alwala da shi, inda Shafi'iyya suka ce mai tsarki ne amma ba ya sake tsarkakewa, Malikiyya suka ce yana tsarkakewa tare da karhanci, kuma saɓanin nasu yana komawa ne ga ko abin da ya ɗauke hadasi ya ɗauki wani abu a jikinsa.

Masu wa'azi za su ga abin ɗauka a nan cikin sauƙi, su ce zuciya ma ba ta tsarkake kanta da maimaita ƙoƙarinta, sai da malami ko aboki na gari da zai zame mata matsotsi, kuma kalmar ihlasi da kanta daga tacewa ta fito, kamar yadda aka siffanta madara da ita a Suratun Nahli. Misalin yana da daɗi, amma misali ne kawai, kuma wanda zai ɗauke shi ya kamata ya ɗauka har da wutsiyarsa, wato cewa matsotsi yana ƙoshi, yana buƙatar wuta shi ma, wani lokaci kuma yakan bar abin da ya fi wanda ya cire illa. Gazali, da ya jera matakan tsarki huɗu daga na jiki zuwa na gaɓɓai zuwa na zuciya zuwa na asiri, bai ce na ƙarshen abu ne da kowa ke kaiwa ba, ya keɓe shi ne ga annabawa da siddiƙai.

Saura batun yadda ake sanin an bushe. Mai gwaji a gida yana da gishirin jan ƙarfe da ke shuɗewa, yana da ma'aunin nauyin ruwa-ruwa, kuma dukkansu sukan yi shiru tun da sauran ruwa a ciki, ta yadda abin da zai iya cewa kawai shi ne kayan awonsa ba su ga komai ba, wanda a siffa bai bambanta da maganar mai alwala cewa bai ga canjin launi ba. Manyan ɗakunan gwaje-gwaje suna amfani da hanyar da Bajamushe Karl Fischer ya wallafa a 1935, inda aidin ke cinye ruwa gwargwado sananne, har a iya ƙirga kashi kaɗan cikin miliyan. Amma ruwan awon kansa yawanci a cikin mitanol ake haɗa shi, kuma yakan zo da nasa ruwan, wanda dole a fara cinyewa kafin a sa abin da za a auna. Na'urar kuma, komai kyan toshiyarta, laima tana silalowa cikinta daga iskar ɗaki a kowane minti. Saboda haka mai awo yakan fara da auna saurin wannan yoyo, ya rubuta shi, sa'an nan ya ɗebo itanol da busasshen sirinji ta cikin murfin roba ba tare da ya buɗe kwalbar ba, kuma lambar da zai sa a takarda a ƙarshe ita ce abin da ya rage bayan ya cire kason yoyon daga jimillar da na'ura ta nuna.